Rigar Siminti

Soron kakana yana bakin hanyar da ke gangarawa gada, inda manyan motoci ke yin layi kafin su tsallaka Malanbil, garin da ke ƙetaren iyaka. Don fataken goro ya gina shi, su sami wurin sauke kaya. Da ya zo hannuna sai na kafa keken ɗinkina a ciki. Ginin laka ne mai kaurin bango, da zanko biyu a sama da zane kewaye da ƙofa, kuma duk zafin Gaya cikinsa sanyi kamar randa. Kowace shekara kafin ruwa ya sauka, wani tsohon magini, abokin mahaifina, yakan zo mu kwaɓa laka da ciyawa da ruwan makuba mu yi masa sabon yaɓe. Ina son soron nan fiye da yadda nake nunawa.

Ni mutum ne mai zargi, ban taɓa ɓoyewa ba. A bakin iyaka na tashi, na ga masu fara'a iri-iri, kuma yawancinsu da abin da suke nema.

Wata ranar kasuwa wata mata ta sauko daga farar mota, da abin ɗaukar hoto a wuya da igiyar awo a hannu. Ta ce daga Yamai take, suna zagaya garuruwa suna rubuta tsofaffin gine-gine don kada su ɓace. Ta auna ƙofa, ta auna kaurin bango, ta shafa zanen tana ta yabo. Amma da ta ja igiyarta daga gindin soro zuwa bakin hanya, sai na fara zarginta, domin a lokacin ana ta raɗe-raɗin za a faɗaɗa hanyar.

Da za ta tafi ta ce, "Malam, don Allah abu guda. Kar ka bari siminti ya taɓa bangon nan. Ku ci gaba da lakarku."

Na ce mata to, har da rakiya zuwa mota.

Kwana uku ina juya maganar. Me ya haɗa mai son zane da auna hanya? Kuma me ya dame ta da siminti? A majalisar mai shayi kowa ya san zancen da ake yi: in aikin hanya ya zo, ginin laka ake fara turewa, na siminti sai an zauna an yi shawara. Nan na ga na gano ta. So take in bar soron a laka don ranar da motar rusau ta zo kada a sha wahala. Har daɗi na ji, irin na wanda ya kama ɓarawo kafin ya tsallaka katanga.

Na gaya wa tsohon magini shawarata ta lulluɓe soron da siminti. Sai ya ce:

"Ɗana, bangon ga lumfashi shikai. In ka sa mai riga, ruwan da ya sha daga ƙasa ta ina za shi fita?"

"Baba, ko matar nan ta biyo ta wajenka ne?"

Ya ɗauki sandarsa ya tafi. Har yau kunyar tambayar nan ba ta sake ni ba.

Na kawo masu aikin siminti suka lulluɓe soron sumul, aka shafa shuɗin fenti. Masu wucewa suna ta yi mini barka. Damina ta farko lafiya lau. Ta biyu ciki ya fara warin danshi, yadin mutane yana yin funfuna. Na ƙwanƙwasa bango na ji yana amsawa kamar ganga, sai na ce wa kaina masu aikin ne suka ha'ince ni.

A damina ta uku, wata safiya bayan ruwan kwana biyu, na iske fuskar soron kwance a bakin hanya. Simintin ya ɓare falle guda, abin da ke bayansa kuwa ya zama kunu.

Ban aika a kira tsohon ba, da kansa ya zo. Ya zagaya sauran bango ukun yana cusa sanda ta tsagar siminti, sandar tana shigewa ba tare da ya matsa ba.

"Baba, a iya gyarawa?"

"Fid da kekenka, ɗana. Tun kahin azahar."

Na fitar da keken da yadin mutane na tsallaka hanya na zauna. Rufin ya rufta ana kiran sallar la'asar. Hanyar tana nan yadda take, ba a ƙara mata ko taku ɗaya ba, kuma babu motar rusau da ta taɓa zuwa. Soron da kakana ya gina, mahaifina ya riƙe, ni na kashe shi, da niyyar tsare shi.