Rigar da ta fi ƙofar Inna faɗi

Ni na ɗinka rigar, gara in faɗa da bakina kafin wani ya riga ni. Shekara ashirin da ɗoriya ina kan keken ɗinki a Ƙofar Ran, ban taɓa yin aikin da aka yaba kamarsa ba, kuma babu wanda nake jin kunyarsa kamarsa.

Matar yayana ce ta zo mini da hoton a waya, saura wata biyu bikin 'yarta. Zanen wata sarauniyar Turawa ce ta zamanin da, fuska fari fat, ƙugu ɗan tsurut, daga nan zuwa ƙasa kuma riga ta buɗe ta yi zagaye, sai ka ce an kifa akurkin kaji.

"Irin wannan za ki yi wa 'yarki, Goggonsu," in ji ta.

Na ce, "Yaya, wannan ai ba riga ba ce, rumfa ce."

"Ke dai ba ki san kayan sarauta ba. In ba za ki iya ba ki faɗa, a kai Abuja."

Sarauta! Mu da kakanmu ya shigo Bauchi da sanda a kafaɗa yana bin shanu. Amma ta san inda za ta taɓa ni. Kalmar Abujar nan ce ta sa na karɓi aikin.

Na zauna na bi hotunan matan nan na fadojin Turai ɗaya bayan ɗaya don in gane yadda aka haɗa abin. Ashe wani keji ake fara ɗaura wa mace a ƙugu, sannan a lulluɓa yadi a kai. A sama kuma a matse ta da igiya ta baya har numfashi ya gagare ta. Ba ta iya saka kayanta da kanta, sai kuyangi sun taru a kanta. Ba ta sunkuyawa, ba ta durƙusawa. To me za ta sunkuya ta ɗauka? Macen da ba ta taɓa riƙe tsintsiya ba! An yi rigar ne musamman don kowa ya gani daga nesa cewa mai ita ba ta da aikin fari balle na baƙi, kuma kada kowa ya matso kusa. Na yi tsaki ya fi a ƙirga, ina yi kuma ina zana fasalin a takarda.

Yadi ashirin na yanko a kasuwar Muda Lawal, ruwan zuma mai sheƙi, da waya mai kauri da na lanƙwasa zobe huɗu, kowanne ya fi na samansa faɗi. Na auna ƙirjin yarinyar, na auna ƙugu, na auna tsawo. Don tsabar iyayi har ɗakin taron bikin na je na auna ƙofarsa da kujerar amarya. Ƙofa ɗaya ce ban auna ba, wadda nake shiga kullum tun ina rarrafe.

Inna, mahaifiyarmu, ita ta raini yarinyar tun daga yaye. Da yayana ya rushe gidan ya zuba siminti, ta hana a taɓa ɗakinta na ƙasa, mai ƙaramar ƙofa da sai ka duƙa. A shekarar bikin idonta ya riga ya tafi, ƙashin ƙugunta kuma ya karye, ko juya ta aka yi a gado sai ta yi ƙara. A gidanmu kuwa akwai abin da ba a tsallakewa: duk 'yar da za ta fita gidan miji, abu na ƙarshe kafin ta sa ƙafa a zaure shi ne ta shiga wurin Inna, ta durƙusa, ta ɗora kai a cinyarta, Inna ta dafa kan ta tofa addu'a. Ba a yi da safe, ba a yi tun jiya. Sai an gama shiri, mota na jira. Haka aka yi mini. Yarinyar nan kuma daga ɗakin taro dangin miji za su wuce da ita, washegari a kama hanyar Kudu inda mijin yake aiki.

Bayan la'asar muka gama ɗaure ta a ɗakin uwarta. Awa guda cur muna jan igiya, mu uku. Ta fito tsakar gida, aka ɗauki guɗa, wayoyi suka tashi sama. Wallahi ta yi kyau, ba zan yi ƙarya ba. Sai ta nufi ɗakin Inna, zoben ƙasa ya daki bango hagu da dama, ta tsaya cak.

Ta gwada ta gefe. Ina! Abin zagaye ne, ba shi da gefe. Ƙawaye suka danna wayar, ta lotsa ta nan ta bulluƙo ta can. Ta yi ƙoƙarin duƙawa, igiyar baya ta hana.

"Ina take ne?" in ji Inna daga ciki. "Ina jin ƙamshinta. Matso mana, 'yar nan."

"Inna, rigar ce ta ƙi shiga."

"To ki shigo ke, ki bar ta a waje."

Yarinyar ta juyo ta dube ni, ido ya cika. "Goggo, ki kwance ni."

Uwarta ta yi tsalle ta dire. Motoci na bakin lungu, mai hoto ya gaji, kwalliya za ta ɓaci, a sake ɗaurin awa guda? Ai addu'a ko daga Makka aka yi ta tana isowa. Matar yayana ta iya kawo zancen Makka in zai yi mata amfani.

Almakashina na cikin jaka, a kafaɗata. Ɗinki huɗu zan farke in zare wayoyin, minti biyar ya ishe ni, rigar ta zube ta zama doguwar riga kamar ta kowa. Na san haka sarai, ni na haɗa ta. Amma matan manya na can ɗakin taro, ina so su ga aikina a tsaye, su tambayi wace tela ce. Na bar almakashin a jaka. Duk tsakin da na yi wa matan Turawa, ga ni na fi su.

Aka ja yarinyar tana waiwaye. Na duƙa na shiga wurin Inna don in ba ta haƙuri. Ta lalubo kaina, ta danna shi a cinyarta, ta yi addu'ar tun daga farko har ƙarshe da sunan jikarta, ta tofa.

"Tashi ki kai mata," ta ce. "Ki dafa kanta da hannunki, kada ki tsaya a hanya."

Na tari keke napep na bi su. Na samu amarya a tsakiyar fili, kiɗa kamar zai fasa kunne, mata sun kewaye ta suna liƙi daga nesa. Wata ta riƙo mayafina tana tambaya ko ni ce telar, na fizge. Na kutsa har cikina ya dannu da wayar, na yi ɗage, na miƙa hannu iya tsawonsa. Ta gan ni, ta gane, ta yi ƙoƙarin sunkuyo da kai, igiya ta riƙe ta.

Saura kamar taƙi ɗaya yatsuna su kai. Ni na auna faɗin nan da tef ɗina, har na ƙara masa inci shida don ya fi na hoton.