Kawuna da Ɗan Damben Cikin Gem

A unguwar Bolewa ta Potiskum akwai wani shago da a da ake sayar da dusa a cikinsa, har wani Bakano ya kama shi, ya zuba bencuna da talabijin guda, ya mai da shi gidan gem. Warin dusar bai taɓa fita ba. Lokacin ina sakandare, shekarun casa'in da 'yan kai, kuma in an tashi makaranta ƙafata ba ta san hanyar gida ba sai ta biya ta can.

Gem ɗin faɗa ne yake tashe. Mutum biyu su karɓi hannu, wato abin da ake dannawa a sarrafa gem ɗin, kowa ya zaɓi ɗan wasansa, a gwabza, wanda aka kayar ya miƙa wa na bayansa. Muna da wata ƙa'ida tamu: kowa da mutuminsa. In ka riga ka kama ɗan wasa ya zama naka, ba mai zaɓarsa kana zaune, ko da ya fi ka iyawa. Na ga abokai sun yi gaba a kan wannan.

Nawa shi kaɗai ne baƙar fata a cikinsu. Dogo ne, mai faɗin ƙirji, hannunsa na dama a naɗe da farin ƙyalle. Sunansa yana rubuce da boko a saman talabijin, amma ba wanda ya damu da shi. Mun ga hannu a ɗaure, muka yanke hukunci ɗan dambe ne, muka sa masa Namu. Ba ya tsalle-tsalle irin na sauran, ba ya fesa wuta. A hankali yake takowa, in ya sami mutum da kyau an gama turmi. In ya yi nasara kuma sai ya ja da baya, ya dafa ƙirji, ya ɗan sunkuyar da kai. Ni da nake siriri kamar tsinke, in na riƙe hannun nan ji nake duk Potiskum ba mai ja da ni.

Ina da kawu, ƙanin mahaifiyata. Su Ngizimawa ne na unguwar Yindiski. A kara yake aiki, cikin masu lodin shanu a tirela, kuma da ƙuruciya ya taɓa dambe in kaka ta yi, ya bari bayan ya yi aure. Mutum ne marar magana. Hausarsa tana fita da nauyi, shi ya sa a cikin taro ya fi son ya yi murmushi kawai.

Wata rana mahaifiyata ta gaji da halina, ta turo shi ya kamo ni. Ya tsaya a bakin ƙofa, ya tare hasken gaba ɗaya. Yara suka dube shi, suka dubi talabijin, suka sake dubansa. Wani ya ce, "La ilaha, ga Namu ya fito!" Ni kuwa na san kunnena zai sha murɗa. Amma Kawu bai kama ni nan take ba. Ya zuba ido har na gama turmin, ya ga mutumin ya dafa ƙirji ya ja da baya.

"Wannan ya san dambe," in ji shi. "Ba ya bin wanda ya faɗi."

Kunnen dai ya sha murɗarsa a hanya. Amma daga ranar sunan ya bi Kawu. Ya fita daga shagon ya shiga unguwa, daga unguwa ya isa kara, har dillalai da ba su taɓa ganin gem ba suna kiransa Namu. Kuma yana amsawa. In yara suka kira shi a titi, sai ya dafa ƙirji ya sunkuyar da kai irin na mutumin, su fashe da ihu. Ban taɓa ganin abin da ya faranta masa rai haka ba. Mutumin da kullum yake cikin kashin shanu, ana aikensa da ihu, ga shi an ce akwai irinsa a cikin talabijin, kuma ba a kayar da shi.

Sai labari ya zo cewa na biyun gem ɗin ya fito, mai shago zai je Kano ya kawo kaset ɗin. Shagon ya ɗauka. Kowa yana tsara wa mutuminsa abin da za a ƙara masa, alhali ko hotonsa ba wanda ya gani. Ni na fi kowa zaƙewa. Na je har kara na sami Kawu, na ce, "Kawu, an ƙara wa Namu ƙarfi. An ce yanzu shi ne babba a cikinsu. Ku zo ran Juma'a ku gani da idonku." Wa ya ce? Ba kowa. Son abin ne ya sa na ji kamar an ce.

Ya zo kuwa, bayan an sauko daga masallaci, da farin kaftaninsa mai guga da hula. Bai zo shi kaɗai ba. Ya taho da abokinsa, wani Bafulatani mai fataucin shanu, da wani dattijo abokin aikinsa. Mai shago ya kori yara daga bencin gaba ya kakkaɓe musu. Aka tayar da janareto, aka cusa kaset, aka miƙo mini hannu, tun da mutumina ne.

Da farko ban gane shi ba. Na bi jerin fuskokin na wuce shi, na dawo. An ranƙwafar masa da baya, hannuwansa suna reto har gwiwa. An kumbura masa leɓe, an rataya masa ƙasusuwa a wuya, an ɗaura masa buje na ciyawa. Farin ƙyallen hannun yana nan, shi kaɗai ya rage. Na ce a raina, bari a fara, wataƙila a faɗan ne gyaran yake. Aka fara. Mutumin da yake takowa a hankali, yanzu da ƙafa huɗu yake gudu, yana cizo. Don ƙaddara kuma ni na ci turmin. Da ma an kayar da ni. Yana cin nasara ya haye kan wanda ya faɗi, ya yi ta tsalle, yana dukan ƙirji da hannu biyu, yana sosa hammata.

Can wani ƙaramin yaro a baya ya ce, "Biri!" Shi ke nan, dariya ta ɓalle. Wasu suna toshe baki, wasu har da faɗowa daga benci.

Manyanmu kuwa faɗa suka kama. Wani ya rantse kaset ɗin jabu ne, an cuci mai shago. Wani ya ce ba jabu ba ne, masu yin abin ne ba su taɓa zama da baƙin mutum ba, abin da suka ɗauke mu ke nan tun farko, mu ne muka tsaya yi musu kirari. Wani mai ɗan wasan da aka ƙara wa takobi ya ce shi dai bai ga laifin gem ba, wasa ne, aka yi masa caa. Mai shago ya ɗaga hannu yana cewa, "Ni fa haka aka ba ni, wallahi ban buɗe ba sai yanzu." Na so in yi ashar, na so in fasa talabijin ɗin, amma ko ɗaga kai na kasa. Kunya ce ta danne ni. Ni na kawo shi, ni na zaunar da shi a gaba, a gaban abokansa.

Bafulatanin ya kau da kai yana gyara rawaninsa. Dattijon ya ce yana da uzuri. Kawu ya daɗe yana kallon talabijin, sannan ya juyo gare ni.

"Ɗana, shi ne wannan?"

"Ba haka yake da ba, Kawu. Kun gan shi ai. Canza shi suka yi."

"Amma sunansa ɗaya?"

Na ce ɗaya ne. Ya gyaɗa kai, ya miƙe, ya yi wa mai shago godiya, ya fita. Na ajiye hannun na bi shi. Ba mu yi nisa ba muka ji yara a bayanmu suna kiran "Namu! Namu!" Na waiwaya, na ga biyu sun ranƙwafa suna dukan ƙirji. Na sunkuya zan ɗauki dutse, Kawu ya riƙe mini kafaɗa ba tare da ya juya ba. Haka muka taka har gida, hannunsa a kafaɗata.

Mahaifiyata tana tsakar gida tana kwashe tuwo. Ta ga ƙaninta da farin kaftani, ta yi dariya.

"To, an ga ɗan'uwan naka na cikin talabijin? Yaya yake?"

Na tsaya a bakin zaure ina jiran ya faɗa, ina ma so ya faɗa, a zage ni in huta. Kawu ya cire hula, ya zauna a tabarma, ya jawo kwanon wanke hannu.

"Yana nan lafiya, Yaya," in ji shi. "Yaron nan ya kyauta mini. A bencin gaba ya zaunar da ni."

Sannan ya matsa, ya ce in zo mu ci.