Rantsuwar da Na Ɗauke wa Hamma

Keken ɗinkina na farko bashi na ci na saye shi. Shekarun nan ne da sojoji suka dawo daga yaƙin Bama, kowane saurayi a Jalingo yana son wando mai aljihu da taguwa mai maɓalli, ni kuwa ina zaune a bakin kasuwa da allura da zare, ina kwana uku a kan abin da keke zai gama kafin azahar. Wanda ya tausaya mini shi ne Baffa, aminin marigayi mahaifina, tare suka baro Zariya da fatauci tun ban san kaina ba. Yana da rumfar yadi, yana ɗaukar kaya bashi a kantin Turawa na Lau. Shi ya sa aka kawo mini keke, fam goma sha biyu, ya ce in biya a hankali. Ba takarda, ba jingina. Da na ce ko a kira mutum biyu su ji, sai ya ɓata rai ya ce, "Ni da ɗana sai an kira mana shaidu?" Na sunkuyar da kai na yi godiya.

To, a gidanmu an tashe mu a kan cewa yaro ba ya miƙa wa uba kuɗin bashi hannu da hannu. Kamar ka ce masa ga naka, ka rabu da ni. Ana aikawa ne ta hannun wani babba mai mutunci, kuma in kun haɗu ba ka tayar da zancen, shi ma ba ya tayarwa. Ni sai na zaɓi mijin yayata. A nan Adda muke ce wa yaya mace, shi kuma na tashi ina kiransa Hamma. Dillalin shanu ne, mai faɗa a ji a unguwar Turaki, sahun gaba a masallaci ba ya wuce shi. Shi ya karɓo mini aure. In ban yarda da shi ba, da wa zan yarda?

Duk ƙarshen wata nakan ƙulle sule goma a ƙyalle in kai masa zaurensa. Kwana biyu sai ya biyo ta wurina ya ce, "Saƙo ya isa, Baffa ya sa maka albarka." In koma gida in ja layi ɗaya da gawayi a bayan ƙofa. Kowace Juma'a kuma nakan je in durƙusa in gaida Baffa, mu yi zancen ruwa, mu yi zancen haraji, in tashi. Na lura gaisuwarsa tana ta gajarcewa, na ɗauka tsufa ne. Wata goma sha takwas muka yi a haka, fam tara cif.

Daga nan laifina ne, ba zan ɓoye ba. Gyaɗa ba ta yi ba a shekarar, manoman Kona da na Iware da na yi wa ɗinki sai kaka suka zo suna ba ni haƙuri, matata kuma ta kwanta bayan haihuwa. Wata huɗu ban aika ko kwabo ba. Kunya ta sa na daina zuwa gaisuwar Juma'a, in zan shiga kasuwa sai in zaga ta wajen mahauta don kada in wuce rumfar Baffa.

Wata safiya babban ɗan Baffa ya zo ya zauna a bencin da masu kawo ɗinki suke zama. Mun gaisa, bai ƙara cewa komai ba. Haka ya yini. Kashegari ya dawo. Duk kasuwa ta san abin da irin wannan zama yake nufi, wanda ya taho da yadi a hammata sai ya hango shi ya wuce kamar ba wurina zai zo ba. Rana ta uku na kasa daurewa, na ce, "Ɗan'uwa, ka ba Baffa haƙuri, fam ukun nan da suka rage zan kawo kafin azumi."

Ya dube ni ya ce, "Wane fam uku? Shekara biyu ke nan ko anini bai gani ba. Masu kanti sun matsa masa, shi ya sa ka gan ni."

Na bar keke a buɗe na tafi gidan Hamma. Na same shi yana cin goro a zaure. Na faɗa masa abin da na ji, ina jiran ya ce tsoho ne ya manta. Sai ya gyara zama ya ce, "Wane kuɗi kake magana?"

Na ce, "Hamma, sule goma goman nan."

Ya ce, "Kai yaro, ka shiga hankalinka. In bashi ya kama ka, ka zo mu nemi mafita, amma kada ka jawo ni ciki."

Ko idonsa bai kawar ba. Wallahi har yau ban manta yadda ya ci gaba da tauna goron nan ba.

Na je wurin Baffa na faɗi komai. Ya saurare ni har na gama, ya ce, "Duk Juma'ar nan da kake zuwa, me ya hana ka buɗe baki?" Na so in ce shi ma ai bai buɗe nasa ba, amma ba a faɗa wa uba haka. Dattawan unguwa suka zauna sau biyu, Hamma yana cikinsu, yana girgiza kai yana cewa Allah ya shirya yaran zamani. Da abin ya gagara, ɗan doka ya kawo mini sammaci.

A gaban alƙali ban musa bashin ba. Ya tambaye ni shaida, na ce layukan gawayi ne a bayan ƙofata, mutane suka yi dariya ƙasa ƙasa. Ya tambayi Baffa ko shi ya naɗa Hamma wakilinsa na karɓar kuɗi, ya ce a'a. Alƙali ya yi mini bayani dalla dalla, ban ga zaluncinsa ba. Ya ce bashi yana wuyana. Tsakanina da Hamma kuwa, tunda ba ni da shaida, ina da ikon in sa shi ya rantse da Alƙur'ani. In ya ƙi, ni zan rantse, ya biya fam tara, kekena ya tsira. In ya rantse, shi ke nan, a sayar da keke a biya Baffa. Aka ɗaga sai Litinin.

Na fito da ƙarfin gwiwa, don na san ƙarya a zaure daban, ɗora hannu a kan Littafi daban. Ba zai iya ba.

Ranar Lahadi da hantsi Adda ta zo gidana. Ita ta goya ni da uwarmu ta rasu. Ta sa matata ta ba mu wuri, ta zauna a tabarma ta ce, "Zai rantse."

Na ce, "Adda, ke kin san ya karɓa?"

Ta ce, "Ni nake wanke ƙyallayen. Shanun wani Bafillace suka mutu a hannunsa, ya yi ta toshewa da naka, yana cewa zai mayar. Na san shi, gara ya rantse da a ce ɓarawo ne a Turaki. Kuma ka san rantsuwar ƙarya ba ta tsayawa a kan mai ita, gida take ci. 'Ya'yana biyar ne." Ta kama ƙafata tana kuka ta ce, "Keke ana sayen wani."

Yaran nan ni nake ɗinka musu kayan Salla, ƙaramar ma sunan uwarmu ta ci. Litinin, ana shirin kawo ruwan alwala, Hamma har ya nannaɗe hannun riga, na miƙe na ce, "Allah ya gafarta malam, na ɗauke masa rantsuwa." Alƙali ya tambaye ni har sau biyu ko na san abin da hakan yake nufi. Na ce na sani.

Ranar kasuwa aka yi gwanjon keken. Ni na share shi na sa masa mai da hannuna kafin 'yan doka su ɗauka, ban san dalili ba. Kuɗinsa bai kai ba, sauran na biya Baffa da allura cikin shekara guda, a hannunsa, a gaban ɗansa. Yana karɓa ba ya duban fuskata, don shi har ya rasu bai tabbatar da wa ya cuce shi ba.

Ni a zatona Hamma zai zo, ko da a ɓoye, ya ce na rufa masa asiri. Bai zo ba. Abin da ya iso mini shi ne zancen gari, wai tela ya ga za a taɓa Alƙur'ani ya tsorata, don ya san ƙazafi ya yi. Masu kawo ɗinki suka fara auna yadinsu a gabana kafin su ba ni. Na aika wa Adda cewa ta faɗi gaskiya ko da ga Baffa ne shi kaɗai. Ta aiko mini da kwanon fura, da saƙon in yi haƙuri maganar ta mutu.

Wata biyu bayan shari'ar, an idar da sallar Juma'a ana neman takalma, sai na ji an kama hannuna. Hamma ne, cikin farar riga, dattawan unguwa suna bayansa. Ya ɗaga murya yadda na nesa za su ji, ya ce, "Jama'a ku shaida, yaron nan ƙanena ne. Abin da ya faɗa a kaina na yafe masa, duniya da lahira."

Aka yi ta cewa madalla, Allah ya ƙara haƙuri. Wani tsoho ya dafa kafaɗata ya ce, "Durƙusa mana ka yi godiya." Na duba fuskokin nan ban ga ko ɗaya da zan iya faɗa wa gaskiya ba tare da na rushe gidan Adda ba. Na durƙusa a kan tsakuwa, hannuna yana cikin nasa, na ce, "Na gode, Hamma."