Yoyon Babur ɗin Baba Tsoho

Babur ɗin kakana ya girmi babana. Ina jin ma ya girmi titin Kankia, titin ne ya zo ya tarar da shi. Idan Baba Tsoho ya taka shi da safe, kajin garinmu Fakuwa kan bar ƙwai su yi ta kansu.

Tari da hayaƙi duk mun saba. Abin da ya kusa raba Baba Tsoho da babur ɗinsa shi ne yoyo. Baƙin mai ne ke ɗiga daga akwatin giya, ɗis, ɗis, duk inda ya bi. Kakata Iya kuwa ta mai da shi ɗan rahoto. An hana Baba Tsoho sukari, sai ta bi sawun mai har teburin mai shayi, ta dawo ta zauna tana jiransa.

Wata rana man ya jiƙa tayar baya, babur ya zubar da Baba Tsoho a hanyar Mawashi, inda yake zuwa duba amininsa da ciwon ƙafa ya zaunar. Gwiwa kawai ya kuje, amma babana ya yanke hukunci: in yoyon bai tsaya ba kafin kasuwa ta ci, 'yan gwangwan za su zo su auna babur a sikeli.

Ran nan Baba Tsoho bai taɓa tuwo ba. Ya kira ni zaure ya ce, "Kai, ɓarawon mata, ubanka na so ya maishe ni tsohuwar tabarma. In babu mashin ga, wa za ya kai ni Mawashi?"

Na ce, "Jaki yana nan, kuma shi ba ya yoyo."

Ya kai mini sanda, na goce.

Muka tura babur ɗin zuwa Kankia. Bakanike ya zagaya shi sau biyu, ya ce kamfanin da ke yin fakin irin wannan tun kafin a yaye shi ya rufe. Fakin shi ne ɗan siririn abin da ake shimfiɗawa tsakanin murfi da akwatin giya don ya tare mai. Ya ce mu yanka namu da kwali.

A gida na kwance notuna, na jera su a faifai, na goge bakin murfin da kananzir. Na ɗora kwali a kai ina bubbuga gefe da ƙaramar guduma har siffar ta fita da kanta, da ramukan noti duka. Kwalin sabulun Iya ne, shi ya sa har yau babur ɗin ke ƙamshin wanki. Muka ɗaure. Baba Tsoho ya karɓi galan, ya yi bisimilla, ya ɗura mai har ya taso baki.

Muka zaga gari, muka dawo. Ɗis. Ɗis.

Na sake yanka wani, aka sake ɗurawa, aka sake ɗis. Baba Tsoho ya zauna a kan turmi ya yi tagumi. Iya tana tankaɗen gero tana kallonmu, ta ce, "Malam, mi ya sa kake cika shi har wuya?"

"Abin da ke ɗaukata, in bar shi da yunwa? A gidan ga ko baƙo ba a rage mashi kwano."

"To ai ko tulu aka cika har baki, mai ɗauka ke jiƙewa." Ta juyo gare ni. "Maigidana, rage mashi."

Nan na tuna wani ɗan noti a gefen murfin da bakanike ya nuna mini, ya ce nan ne iyakar mai. Ina kwance shi mai ya yi tsartuwa, na rantse ya isa a soya ƙosan suna. Ashe shekara da shekaru karamcin Baba Tsoho ne ke fitowa ta kowace kafa. Na bari ya tsiyaye har ya tsaya, na mayar da notin. Shi kuwa yana ta ba babur haƙuri.

Ranar kasuwa babana ya share ƙasa, ya baza farin yashi a ƙarƙashin babur bayan mun yi zagaye. Ya tsuguna yana jira kamar mai dakon kaza ta yi ƙwai. Yashi ya zauna fari tas. Ya miƙe ya kaɗe riga, ya ce a dai riƙa tafiya a hankali.

Baba Tsoho ya gyara hula, ya taka, kaji suka watse. Na haye baya, muka nufi Mawashi. Iya ta biyo mu ƙofa tana duba ƙasa, babu ɗigo ko ɗaya. Ta ɗaga murya ta ce, "Ni na kashe ɗan rahotona da bakina! Maigidana, in ya tsaya wurin mai shayi ka hwaɗa mani!"

Mun tsaya. Ni ma an haɗa mini, har da burodi.