Ranar da Na Yi wa Kawu Tafinta

Shekarar da gero ya ƙone a tsaye tun daga Turba har Bafarawa, ina koyarwa a wata firamare a Isa. Ran wata Asabar kawuna, mai fataucin atamfa tsakanin Sabon Birni da Maraɗi, ya aiko in zo maza. Na zaci rashin lafiya ce. Ashe bidiyo ya sayo, da kaset guda na wani tsohon fim ɗin Amurka marar launi, yana neman mai fassara.

Na ji daɗi, don na karanta littafin da aka ɗauko labarin tun ina kwaleji: soja ya ji rauni a yaƙi, 'yar wani manomi ta yi jinyarsa, so ya shiga tsakani. Da hantsi aka ta da janareto, aka rataya tabarma a ƙofar zaure, abokan Kawu dattawa suka zauna.

Na fara ke nan, wani tsoho da shanunsa suka ƙare a farin ya ɗaga hannu.

"Malam, dakata. Wanga sa na bayan yarinyar, mi shika ci?"

"Baba, ba a faɗa ba."

"To mi kaka fassarawa?"

Na ci gaba. Da aka zo inda sojan ke bayyana mata sonsa cikin ruwan sama, na gyara murya, don na tanadi Hausa mai daɗi. Ba wanda ya saurare ni. Sau huɗu Kawu ya sa aka maido wurin, suna ta salati, wai ga ruwa na zuba a banza, ba mai tara ko ƙwarya.

Abin da ya ƙarasa ɓata lamarin, sojan ya ratsa gonar alkama da gudu, yana tattakewa. Zauren ya ɗauki hayaniya.

"Kar ta aure shi!" in ji Kawu. "Ɗan banza na!"

"Kawu, harbinsa ake yi!"

"Babu hanya ta gehe?"

Saura kaɗan a gama fim ɗin, fetur ya ƙare. Kawu ya ce tunda na karanta, in gaya musu ƙarshen. Na ce sojan ya koma fagen fama ya mutu, ita kuma ta zauna ba aure. Suka ƙi. Tsohon nan ya ce ba mai barin 'yar manomi mai shanu haka ta zauna, lalle na tsallake shafi. Aka yi ittifaki a kan nasa.

Na miƙe raina a ɓace na ce za ni gida. Kawu ya rako ni tasha, yana cewa Asabar mai zuwa surukansa na Alkalawa za su zo kallo. Na ce ina da gyaran jarrabawa.

Na zo. Su ma a kan alkamar muka yi rigima.