Rigar Ruwa Mai Lamba Hamsin

Aikina tuƙi ne. Na yi shekaru ina jan motar wani gida a Abhur, arewa da Jidda, inda gidajen masu hali suke fuskantar teku. Ɗakina yana jikin gareji. Daga tagarsa ba a ganin ruwa, sai dai a ji motsinsa. Iyalina suna Azare: matata, 'ya'ya maza biyu, da auta mace. Ina zuwa gida in kafili, wato maigidan da nake wa aiki, ya ba ni hutu, kuma ba kowace shekara yake bayarwa ba.

Autar zabiya ce. Sunan mahaifiyata aka sa mata, don haka Uwata nake kiranta. Rana ba ta raga mata. In ta yi wasa a tsakar gida da hantsi, kafin la'asar wuyanta ya yi jawur, bayan kwana biyu fatar ta saɓule. Sai na kafa doka: in ta dawo daga makaranta, tana ɗaki har rana ta yi sanyi. Ni na kafa dokar daga nesa, uwarta ke tsare ta, yarinyar ke zaman.

Wata rana muna waya da ita ina tsaye a bayan gida, iska ta kai mata ƙarar ruwa.

Ta ce, "Baba, mene ne wannan?"

Na ce, "Teku ne."

"Ana shiga?"

"Ana shiga."

"Ni da rana nake so in shiga. Ba da magariba ba irin na jemage."

Yayyenta ne suke ce mata jemage. Na ce in Allah ya kawo su Umra, za ta shiga da rana. Ban saba yin alkawari ba, wanda na ɗauka kuwa ba na sauke shi a hanya.

Ni mutum ne mai son abu ya bi layi. Na fara da takardun tafiyarsu. Da suka kammala na nemi izinin kafili, ya ba ni Juma'a guda da iyalinsa ba sa gari, mu shiga bakin ruwan gidan. Sannan na juya kan kaya.

Ga yadda nake sayen kayan yara tun fil azal. Duk lokacin aikin Hajji, matata takan ba wani alhajin unguwarmu igiyoyin tsumma, ɗaya ga kowane yaro, da ƙulli a tsawonsa, da ƙulli a faɗin kafaɗa, da ƙulli a tsawon hannu. In igiyoyin sun iso sai in je kasuwar Bab Makka in sayi kayan Sallah. Kullum nakan ƙara yatsu huɗu a kan kowane ƙulli, don yaro girma yake, kuma ba a saya masa rigar da za ta ƙare kafin shekara.

Bab Makka na fara zuwa, wurin mai yadin da na saba da shi. Haifaffen Jidda ne, kakanninsa suka zo aikin Hajji da ƙafa, Hausarsa rabi Larabci. Da na faɗa masa rigar shiga ruwa nake nema, wadda aka rubuta tana kare rana, ya yi dariya har da dafa kanta.

"Ya akhi, yaushe direba ya zama kifi? Ɗauki baƙin yadi mai kauri, tela ya ɗinka maka, halas. Rana ba ta karanta takarda."

Na ce, "Ranar ba ta karantawa, amma fatar 'yata tana yi."

Ya daina dariya, ya zuba mini shayi. Ban sayi komai ba.

Wani Basudane mai kemis, inda nake karɓo wa uwar kafili magani, shi ya yi mini bayani a tsanake. Ya ce rigar auduga in ta jiƙe, rana tana ratsa ta fiye da in tana bushe. Ya ce in nemi rigar ruwa wadda aka kai ɗakin gwaji aka auna, za a ga lamba hamsin a ɗinke a wuyanta, da takardar shaida a rataye. Inda riga ba ta kai ba, fuska da tafin hannu da ƙafa, a shafa man kare rana. Na sa ya maimaita, na riƙe.

Kantin da ake sayar da su yana cikin wata babbar kasuwar zamani wadda na sha kai matar kafili. Ban taɓa wuce wurin ajiye motoci ba sai ranar. Mai kantin Bamisire ne. Na ce ya fito da masu lamba. Na duba ƙyallen wuya, na duba takardar, na ɗaga yadin ga fitila. Wadda lambarta ke kan leda kawai, ba a jikin riga ba, na ture ta gefe. Na zaɓi dogon hannu, da wuya mai tsayi, da wando har idon sawu, da hula mai lulluɓin ƙeya.

Ya ce, "Guda ɗaya?"

Na ce, "Biyar."

Tun Uwata tana rarrafe ita kaɗai ake nannaɗewa a gidan. Ban so ta waiwaya a cikin ruwa ta ga ita kaɗai ce kuma. Na saya wa yayyenta, na saya wa uwarta mai haɗe da rufin kai, na saya wa kaina, ni da ban taɓa sa ƙafa a tekun nan ba. Duka shuɗi.

Na fito da igiyoyin na shimfiɗa a kan rigunan, na ƙara yatsu huɗu. Bamisiren ya riƙe hannuna.

"Ya hajj, wannan ba jallabiya ba ce. Sai ta kama jiki."

Na ce, "Yaro girma yake."

Ya ɗaga kafaɗa ya sa a leda.

Kayan sun daɗe a akwatina kafin masu su su zo. Na jera su bisa shekaru, na uwar a ƙasa, na auta a sama. In na dawo daga masallaci ran Juma'a, gidan ba kowa, nakan buɗe in duba ko kyankyaso ya shiga. Babu abin da ya taɓa shiga. Sau ɗaya na gwada tawa, na ga kaina a gilashin mota, na yi maza na cire.

Suka zo, suka yi Umrarsu, suka sauka wurin wata 'yar'uwar matata a unguwar Bagdadiyya, cikin Jidda. Ran Juma'ar da sassafe na ɗauko su zuwa Abhur. A ɗakina na raba kayan, kowa da nasa.

Mazan suka fito hannun riga ya haɗiye yatsunsu, suna kaɗa shi suna dariya. Uwata ta fito daga bayan labule, rigar ta sauko mata har gwiwa, wuyan ya zame ya bar kafaɗa ɗaya da ƙeya a fili, daidai inda rana ta fi cin ta.

Matata ta dube ni. "Malam, ƙari ka yi?"

"Yatsu huɗu, kamar kullum."

"Ai ni ma ina ƙarawa kafin in ƙulla. Wace uwa ce za ta ƙulla daidai?"

"Tun yaushe?"

"Tun igiyar farko."

Ashe duk kayan Sallar da nake aikawa, sai ta kai wa tela ya rage. Na ce me ya hana ta faɗa. Ta ce, "Kayan da suka ƙetaro teku ake kushewa?"

Ran Juma'a kantuna ba sa buɗewa sai bayan la'asar, izinina kuwa na yinin nan ne kaɗai. Na ce to, ba za ta shiga da wuya a buɗe ba, a jira yamma. Yarinyar ba ta yi kuka ba. Ta zauna a bakin katifa ta naɗe hannuwa, irin zaman wanda ya saba.

Matata ta ce, "Matsa, Malam." Ta zaro allura da baƙin zare daga jakarta. Ta tattaro wuyan daga baya ta kalmashe ta ɗinke, ta naɗe hannuwan ta kama su, ta tsuke ƙugun wandon. Ɗinkin bai yi kyau ba. Da ta gama na duba da kaina: wuya, ƙeya, wuyan hannu, idon sawu, hula. Na sa yatsa a wuyan na ja, bai zame ba. Na shafa mata man a fuska da kunnuwa da bayan hannu da ƙafa. Na ce yalla, mu tafi.

Hantsi ya ɗaga sosai lokacin da muka sauka. Matata ta ɗora abaya a kan tata rigar, ta ce ba za ta tsaya gaban teku kamar ɗan dambe ba, ta zauna inda ruwa ke taɓa ƙafa. Mazan suka ruga. Uwata ba ta gani sosai a cikin haske, sai ta kama yatsana tana ƙifta ido, muka shiga tare har ruwa ya kai mata ƙirji. Igiyar ruwa ta mare ta a baki, ta tofar, ta ce, "Baba, miyarsu ta yi gishiri." Babban yayanta ya ƙwala mata kira, "Jemage!" Ta ce, "Jemagen gidanku ne ke fita yanzu?" Ta saki yatsana.

Na fito da su kafin kiran sallah. Kashegari na biya Bagdadiyya kafin in fara aiki. Uwata ta juya mini ƙeya da kanta ta ɗaga gyale. Fatar tana nan yadda take, in ban da gefen kunne ɗaya da ya ɗan yi ja.

Bayan sun koma, gidan ya dawo yadda na san shi. Rigata tana rataye a ƙusa bayan ƙofa, ban sake shiga ruwan ba. Uwata kuwa ta tafi da tata, tana sawa a ƙarƙashin kayan makaranta, uwarta tana warware ɗinkin kaɗan-kaɗan.

Kafin su tafi na ce wa matata daga yanzu ta ƙulla daidai, kada ta ƙara komai. Da lokacin Hajji ya zagayo, alhajin ya kawo igiyoyin. Na rufe ɗaki, na ware ta autar, na taka bakinta da ƙafa na miƙar da ita a jikina. Ƙullin ya tsaya ƙasa da ƙirjina kaɗan. Na daɗe a tsaye a haka, har kafili ya danna ƙararrawa a fito da mota.