Murhun Baba a Ɗakin Ƙasa

Maƙwabciyata ta hannun dama a garin Laurel, nan ƙasar Turawa, ba ta buƙatar talabijin, mu ne talabijin ɗinta. Ranar walimar gama makarantar 'yata, mutanenmu suka zo suka tuɓe takalma a bakin ƙofa kamar yadda aka koya wa kowa. Takalma har kan ciyawa, ka ce kasuwar gwanjo ta ci. Ita kuwa ta ɗaga labule ta ɗauki hoto, ta kai ƙara wai na mayar da gidan iyali gidan haya, mutum kan mutum.

Sai ga duba-garin ƙaramar hukuma, kati a wuya, murmushi irin na mai cire haƙori. Na zagaya da shi. Bai ga runduna ba. Ni ne da matata da yara, sai Baba a ɗakin ƙasa, wanda ke ƙarƙashin gidan.

Baba dattijo ne ɗan Maraɗi, direban tasi. Shi ya tsince ni a filin jirgi ranar da na iso daga Kaduna da rigar sanyin da ko kaza ba za ta ɗumama ba. A falonsa na riƙa kwana har na sami aikin jinya, yana sallarsa ina tafiya cocina. Da na sayi gida, ƙarfinsa kuma ya fara raguwa, na ce ɗakin ƙasa nasa ne. Ya yarda, amma da sharaɗi: ƙofarsa ta baya, murhunsa daban. A tarbiyyarsa, namiji da furfurarsa ba ya shiga madafar matar wani.

A gaban wannan murhu duba-gari ya tsaya kamar ya ga gawa. Ɗan murhun lantarki ne mai baki biyu, ɗaya ma sai an lallaɓa shi yake kamawa.

Ya ce, "Da murhu, nan ya zama gida na biyu. Unguwar nan kuwa ta iyali ɗaya ce a gida ɗaya."

Na ce, "In an cire fa?"

"Ya zama ɗaki a gidanka. Ba ruwanmu."

Baba ya dube ni ya ce da Hausa, "Ɗana, tambaye shi, tukunyar ma tana da laifi ko murhun ne kaɗai?"

Ban fassara ba.

Na nemi izinin a bar masa murhunsa. Aka ce sai na fasa bango na faɗaɗa taga, na ƙara wurin ajiye mota, sannan a kira zama maƙwabta su faɗi ra'ayinsu. Suka faɗa kuwa. Mutanen da ba su taɓa amsa gaisuwata ba suka tashi suna jimamin lalacewar unguwa, sai ka rantse barikin soja na ce zan gina. Duk a kan tsoho ɗaya mai dafa shinkafa da wake da shayi. Ita mai labulen, karnukanta ɗakinsu guda, har da na'urar sanyaya iska, ba wanda ya kira musu zama. Na tashi na yi bayanin kunya da Turancina na asibiti, suna gyaɗa kai kamar ina ba da labarin aljanu. Aka hana.

Ni na cire murhun da hannuna. Matata ta sauko har ƙasa ta durƙusa ta ce, "Baba, ka hau sama ka yi girkinka. Ni ba 'yarka ba ce?"

Ya sunkuyar da kai ya ce, "Allah ya yi miki albarka, 'yata." Daga nan na san ba zai hau ba.

Ta riƙa aiko masa da abinci. Ya ci na ɗan lokaci don kada ya kunyata ta, sannan wata Lahadi ya kira ni ƙofarsa ta baya.

"Ɗana, na zama majinyacinka ke nan, a kawo mini kwano a ɗauke. Da sauran ƙarfina, gara na tashi."

Na roƙe shi, na yi masa barkwanci, na ce in ya tafi wa zan riƙa cinyewa a dara. Ya ce, "Kai da ba ka taɓa ci ba?" Ya ci gaba da naɗe dardumarsa.

Yanzu yana garin Wheaton, a wani ɗan gidan haya tare da samarin direbobi, inda gado ba ya hucewa, wani na tashi wani na kwanciya. Cunkoson da dokar ke gudu, can ta kai shi da hawan jininsa.

Duba-gari ya dawo ya ga ɗakin wayam, ya yaba mini, har da miƙo hannu. Na ce masa hannuna da maiƙo.